Me ya sa maɓallin amsa yake ɓacewa a gaban sa hannunka a Wikipedia?

Assalamu alaikum jama'a. Ku kalli wannan misalin da kyau. Shafin tattaunawa ne na wata maƙala a Wikipedia ta Turanci, mutum biyu sun yi magana a ciki. Na sama, a ƙarshen maganarsa akwai ɗan maɓallin mayar da amsa. Na ƙasa ba shi da shi. Dukkansu sun sa hannu, har ma na ƙasan ya fi ɗaukar ido: ya rubuta sunansa da ja da ruwan ɗorawa da kore, launukan tutar Ghana, ya kuma rubuta lokacin da Hausa, "ƙarfe 2:05 na rana". To wannan lokacin da ya ƙawata, shi ne ya ɓatar masa da maɓallin.

Duk wanda ya taɓa zama a ajin koyon gyaran Wikipedia, a Aboabo ne ko Asawase a Kumasi, an ce masa in ya gama magana ya buga tilda huɗu, wato 'yar alamar nan mai lanƙwasa (~) da sai ka shiga shafi na biyu na alamomi a wayarka kafin ka same ta. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yawanta yana da ma'ana. Uku suna kawo sunanka kawai. Huɗu suna kawo suna da lokaci. Biyar kuwa lokaci ne zalla, ba suna. Kana danna ajiyewa, manhajar MediaWiki, wadda Wikipedia ke gudana a kanta, za ta share alamomin ta rubuta ainihin suna da lokaci a gurbinsu, su zauna daram a matsayin rubutu.

Ga yadda take rubuta shi a Wikipedia ta Turanci: 14:05, waƙafi, 6 March 2024, sannan UTC, wato agogon duniya na bai ɗaya, a cikin baka. Awa 24 ake ƙirgawa, babu safe babu yamma. Rana kafin wata, sunan wata da harshen wikin, shekara cikakkiya.

Wannan layin ba don idonka kaɗai aka yi shi ba. Shafin tattaunawa a wiki shafi ne kamar kowane shafi, babu wani shinge a cikinsa da ke raba maganar wane da ta wane. Bayan tuntuɓar da gidauniyar Wikimedia ta yi da editoci a 2019 kan wahalar shafukan tattaunawa, aka gina wani ƙarin manhaja mai suna DiscussionTools, wanda ya kawo maɓallin amsa. Yadda yake gane magana shi ne ya bi shafi yana neman abu biyu tare: mahaɗin da ke kaiwa shafin edita, ko shafin tattaunawarsa, ko jerin gudummawarsa, sannan lokaci a tsarin wikin sak. In ya samu, ya san nan magana ta ƙare, wane ne ya yi ta, a lokaci kaza. In ka mayar da March ya koma Maris a wikin Turanci, ko ka cire UTC saboda ka ga ya cika wuri, ko ka sa shekara a gaba, ba zai yi ƙoƙarin fahimtar nufinka ba. Kamar lambar MoMo ce, ka kuskure ƙwaya ɗaya, kuɗi ba su isa ba.

Kuma ba maɓallin kaɗai kake asara ba. Hanyar bin tattaunawa, wadda ke aiko maka sanarwa in wani ya ƙara magana, tana gane kowace tattaunawa ne da sunan wanda ya fara magana da lokacin da ya yi ta. Bot ɗin nan, wato manhaja mai aiki da kanta, da ke kwashe tsofaffin tattaunawa zuwa ma'ajiya a wikin Turanci, Lowercase sigmabot III, shi ma lokutan cikin rubutu yake karantawa ya san wace magana ce ta tsufa. Wadda bai ga lokacinta ba sai ya tsallake ta, ta yi ta zama a shafi shekara da shekaru.

Yanzu mu zo kan samfuri, wato shafin da ake kiran abin da ke cikinsa ya bayyana a wani shafin, don a nan gizo yake saƙar. Akwatin sa hannu da ke shafin saitunanka haruffa 255 kawai yake ɗauka. Mai son launi uku da rubutu mai kauri, kan ka ce kwabo ya cinye su. Sai ya buɗe wani ƙaramin shafi a ƙarƙashin sunansa, ya zuba adon a can, ya kira shafin daga cikin akwatin. MediaWiki ta san wannan dabarar, shi ya sa da kanta take liƙa wa samfurin kalmar subst a gaba, ma'ana a kwafo abin da ke cikin shafin a zuba, kada a bar shi rataye da asalinsa.

Amma subst hawa ɗaya yake sauka. Ga misali. Wani edita ya sa CURRENTTIME da CURRENTDAY da CURRENTYEAR a cikin ƙaramin shafinsa don ya tsara lokacin yadda yake so, yana kuma buga tilda uku tunda yana ganin ya riga ya tanadi agogonsa. Abin da ya sauka a shafin tattaunawa ba lokaci ba ne, umarni ne da ke cewa "nuna lokacin yanzu". Ranar da ya rubuta, komai daidai. Bayan wata uku ka dawo, sai ka tarar maganar tana ɗauke da kwanan watan da aka sake sabunta shafin, amsar da aka ba shi kuma ta girme ta. In gardama ta tashi kan wa ya fara faɗar abu, sa hannunsa ba zai yi masa shaida ba. Bot ɗin ma'ajiya kuwa rubutun ciki yake karantawa, bai ga ko lamba ɗaya ba.

Akwai wata buƙata da nake ganin tana da kyau, kuma 'yan Zango da yawa za su so ta: kwanan watan Musulunci. MediaWiki ta iya shi. Umarnin #time yana da haruffan da ke fitar da ranar Hijira da watanta da shekararta, xmj da xmF da xmY. Ranar 6 ga Maris 2024 ɗin nan tamu za ta faɗo cikin Sha'aban na 1445. Sai dai abu biyu. Lissafi manhajar take yi, ba duban wata ba, don haka tana iya saɓawa da kwana ɗaya da abin da ofishin Babban Limamin ƙasa ya sanar. Na biyu, ko ya dace, DiscussionTools ba ya karanta shi a matsayin lokacin sa hannu a wikin da ba haka tsarinta yake ba. Shawarata, a kai kwanan Hijira shafin edita, can ne ma barinsa yana sabunta kansa yake da amfani. A sa hannu kuwa zai ci haruffa ne kawai, ya rikita mai karatu da kwanan wata biyu.

Wasu sukan ƙara hawa, su sa shafi cikin shafi don sa hannun ya ci gaba da rataye da samfurin. Wikipedia ta Turanci ta hana wannan, kuma da dalili. Duk wanda ya taɓa wannan ƙaramin shafin ya canza sa hannunka a duk inda ka taɓa yin magana, ko da zagi ya rubuta. Sannan in ka ambaci wani don a sanar da shi, sai tsarin sanarwa ya ga mahaɗin sunanka a fili cikin rubutun kafin ya aika. In yana ɓoye cikin samfuri, kai kana jiran amsa, shi ko labari bai ji ba. Tun 2020 kuma aka ƙara tsaurara ƙa'ida a wikis na Wikimedia: sabon sa hannu dole ya ƙunshi mahaɗin sunanka, kada ya zo da karyayyen HTML, wato lambobin tsara launi da siffar rubutu, kada kuma a cusa subst cikin subst.

Masu haɗa samfurin maraba da sababbin editoci, ku ma ga naku a taƙaice. In kun buga tilda huɗu a jikin samfuri, nan take za su zama sunanku da lokacin ranar, kowa ya yi amfani da shi da sunanku zai fita. Ana raba su biyu-biyu da alamar noinclude a tsakani don kada su haɗu a jikin samfurin, sannan a kira samfurin da subst. In aka manta subst, tilda huɗu ne za su fito tsirara.

Sai maganar agogo. Mu a Ghana mun huta, lokacinmu daidai yake da UTC duk shekara, ba ma tura agogo gaba ko baya. Abin da wikin Turanci ta rubuta shi ne abin da ke wayarka a kasuwar Kejetia. Wannan hutun ne yake sa mu sakaci. Kowace wiki tana da agogon da aka saita mata. Ta Jamusanci tana rubuta CET da hunturu, CEST da bazara. In ka ga WAT a ƙarshen sa hannu, agogon Najeriya ne, awa ɗaya gaba da namu. Don haka in kana yawo tsakanin wikin Hausa da ta Turanci da ta Dagbani, wadda aka buɗe a 2021, kada ka kwafi lokaci daga wata ka manna a wata. Dubi sa hannun wani a shafin da kake, tsarinsa za ka bi, da sunan wata da haruffan ƙarshe.

Gyaran ba shi da wuya. Buɗe saitunanka, ka bar suna da launinsa in kana so, ka tabbata mahaɗin yana nan a fili, ka goge duk abin da ya shafi lokaci. Je shafin tattaunawarka ka rubuta layi ɗaya, ka buga tilda huɗu, ka ajiye. In maɓallin amsa ya fito a gabansa, ka gama. Tsofaffin maganganun da lokacinsu ya lalace kuwa, kada ka sake buga musu tilda, don lokacin yau za su ɗauka. Shiga tarihin shafin ka nemo sa'ar da aka yi gyaran, ka rubuta ta da hannu a tsarin wikin. Ka lura, tarihin shafi yana nuna lokaci ne bisa agogon da ka zaɓa a saitunanka, saboda haka in agogon wikin daban ne da naka, sai ka ƙara ko ka rage awannin kafin ka rubuta.