Dalibai bakwai a Cornell da zumuncin da ya haura shekara 100

Assalamu alaikum. Malamaina, 'yan'uwana ɗalibai, barkanmu da yamma.

Na ga wasu sun haɗe rai da aka ce za mu yi magana kan ƙungiyar 'yan'uwantaka ta jami'a, don a wajenmu hankali kan tafi ga ƙungiyoyin asiri masu zubar da jini. To ku kwantar da hankali, wadda na kawo muku yau daban take.

A ranar 4 ga Disamba 1906, ɗalibai baƙar fata su bakwai a Jami'ar Cornell da ke Ithaca, jihar New York a Amurka, suka kafa Alpha Phi Alpha. Me ya kai su? Kaɗaici. Ƙungiyoyin Turawa ba sa karɓar su, alhali a nan ɗalibi ke samun ɗakin kwana da abokin bita da wanda zai yi masa hanyar aiki. Sai suka fara haɗuwa suna karatu tare, a hankali abin ya yi reshe. A 1907 aka buɗe reshe na biyu a Jami'ar Howard da ke Washington.

Amma ku riƙe shekarar 1911. A shekarar ne aka buɗe reshen tsofaffin ɗalibai na farko a birnin Louisville, kuma a ganina nan ne ƙungiyar ta tsaya da ƙafarta. Ɗalibi fa baƙo ne, shekara huɗu ya tattara nasa ya nasa ya tafi. Wanda ya gama ya zama likita ko lauya shi ne mai kuɗin biyan gudunmawa, shi ne mai baki a gari.

Ga misali. A 1935 Jami'ar Maryland ta hana wani matashi, Donald Murray, gurbin karatun lauya saboda launin fatarsa. Thurgood Marshall, ɗan ƙungiyar, yana cikin lauyoyin da suka tsaya masa har aka yi nasara, ƙungiyar kuma ta ɗauki nauyin kuɗin makarantar Murray da littattafai, ko da yake shi ba ɗanta ba ne. Marshall ɗin nan ne ya zama baƙar fata na farko a Kotun Ƙolin Amurka a 1967. Martin Luther King ma ya shiga a 1952 yana karatu a Boston, kuma 'yan ƙungiyar ne suka ja ragamar gina masa wurin tunawa da aka buɗe a Washington a 2011.

Ba wai babu tabo ba. Dukan sababbin shiga da wulaƙanta su ya yi wa irin waɗannan ƙungiyoyi illa, har a 1990 manyansu suka soke tsohon tsarin ɗaukar mambobi. Sokewa a takarda abu ɗaya ne, dainawa kuma wani abu ne daban, don har yanzu ana kama masu yi a ɓoye.

Na ga ana yi mini alama lokacin Magariba ya gabato. Mai tambaya ya ɗaga hannu.