Digiri nawa ne ƙirƙira? Rigimar ɗamarar tayar tirela

Ku ɗauka an yanka tayar tirela gida biyu. A ƙarƙashin robar da ke taka kwalta akwai ɗamarar wayoyin ƙarfe, galibi falle huɗu. Biyun tsakiya su ke shan wahala: wayoyinsu na kwance a kusan digiri 20 daga layin zagayen taya, ɗaya ya karkata dama, ɗaya hagu. Na sama garkuwa ne, yana tare duwatsu da ƙusa.

A bakin fallayen nan biyu ake samun ɓarna. Duk juyin da taya ta yi da lodi, sai su ja juna, robar da ke tsakaninsu ta ɗau zafi, ta tsage, har fuskar taya ta ɓare. Don haka kamfanoni ke sauya karkatar waya, su ƙara kaurin roba a baki, ko su naɗa waya miƙe, digiri sifili. Kamfanin taya na Michelin ya yi rajistar mallakar ƙirƙirar wannan samfurin taya, wato radial, tun 1946, saboda haka abin da ake neman mallaka yau ƙananan gyare-gyare ne.

To, a nan rigima take. Sashe na 103 na dokar mallakar ƙirƙira ta Amurka ya hana rajistar abin da gwani na yau da kullum a sana'ar zai iya hangowa da kansa. A shari'ar KSR da Teleflex a 2007, Kotun Ƙoli ta ce haɗa sanannun abubuwa ta sananniyar hanya, a sami sakamakon da ake tsammani, yawanci ba ƙirƙira ba ce.

Misali, wani ya nemi mallakar digiri 10 zuwa 18, alhali tsohuwar takardar wata ƙirƙira ta ambaci 15 zuwa 25. Tunda lambobin sun shiga juna, mai tantancewa a ofishin rajista zai ce abin a fili yake, kowa ya san karkatar waya tana sauya ƙarfin ɗamara, lalube kawai aka yi.

Mai nema yana da manyan mafita biyu. Ko ya nuna tsohuwar takardar da kanta ta yi kashedin kada a bi wannan hanya, ko ya kawo gwajin da ya ba da sakamakon ba-zata. Gwajin nan ne ke kayar da mutane da yawa. Ana ɗora tayar a kan gangar gwaji, wato gangar ƙarfe mai juyawa a madadin titi, a riƙa ƙara lodi har ɗamara ta rabu, a ƙirga sa'o'i. Amma dole a gwada ta da tsohuwar ƙirar da ta fi kusa da ita, girma ɗaya, iska ɗaya, roba ɗaya. Kuma wanda ya nemi 10 zuwa 18 amma ya gwada 14 kaɗai, za a ce hujjarsa ba ta rufe sauran ba, sai dai ya rage abin da yake nema zuwa inda gwajinsa ya tsaya.