Memorin Kyamara: Daga Laccar da Aka Yi wa Masu Ɗaukar Hoto

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. Abu uku na zo da su kan memori: girmansa, gudunsa, da yadda ake kula da shi.

Girma ba zai ci mana lokaci ba. Wannan da ke hannuna, SD, kamfanoni uku ne suka haɗu suka fito da shi a 1999, SanDisk da Panasonic da Toshiba. Na farkon iyakarsa giga 2. Waɗanda suka biyo bayansa, SDHC ya kai giga 32, SDXC kuwa har tera 2. Tsohuwar kyamarar da ta san SDHC kaɗai, in ka sa mata SDXC sai ta ƙi shi. Lafiyarta lau, yaren ne ba ta ji.

Amma tunda an zo nan, bari in taɓo abin da ke ci min tuwo a ƙwarya: jabu. Jabu, 'yan'uwa! Ni da nake gaya muku, an taɓa yi min. Na sayi wani an rubuta giga 64, kuɗin ya yi araha har na ƙara da godiya. Na ɗauki kamu da shi, na ɗauki ɗaurin aure, na ɗauki dina, kyamara tana ta ƙirga hoto, ba ta ce uffan ba. Da na sa a kwamfuta, sunayen hotunan suna nan reras, amma yawancinsu sun ƙi buɗewa. Kar Allah Ya haɗa ku da uwar amarya a irin wannan rana. (dariya) Kuna dariya, ni sati na yi ba na bi ta layinsu.

Me ya faru? A cikin memori akwai rumbu, akwai kuma ɗan magatakarda da ke gaya wa kyamara girman rumbun. 'Yan jabu sai su ɗauko mai giga 8, su koya wa magatakardan ƙarya, ya riƙa cewa 64. In takwas ɗin gaskiya ya cika, ko dai ya rubuta a kan na baya, ko ya zubar da sabon, sunan kawai yake ajiyewa. Shi ya sa gwajin bakin shago, a ɗauki hoto biyu a duba, aikin banza ne. Aikin banza, na maimaita. Akwai manhaja kyauta, H2testw, ku rubuta. Za ta cika memorin maƙil sannan ta karanto abin da ta zuba. Tana ɗaukar lokaci, ku yi tun kafin ranar biki.

Na uku... a'a, na biyu ko? Gudu. Waccan ƙatuwar lambar da ake bugawa a gaban memorin, yawanci gudun karantawa ne, wato kwashewa zuwa kwamfuta. Mai bidiyo ya nemi wanda aka rubuta V30 ko U3 a jikinsa, ma'ana ba zai gaza rubuta mega 30 a daƙiƙa ba. C10 mega 10 ne. In kuna ɗaukar bidiyon 4K, wato mai tsananin kyawun hoto, kyamara tana tsayawa da kanta, nan za ku fara dubawa. Fomat kuma, wato share memorin kakaf, a cikin kyamara ake yi, bayan an kwafe aiki wuri biyu.

Na'am, Alhaji?

(Tambaya: Malam, yaron shagona ya goge min hotunan suna jiya, akwai dabara?)

Yana cikin kyamarar yanzu? Cire shi, Alhaji, cire shi muna kallo. Ga wani ɗan maƙulli a gefensa, ja shi ƙasa, don kar a sake rubuta komai a kansa. Gogewa sunan take cirewa daga rajista, hoton yana nan kwance har sai wani sabo ya hau kansa. Manhajar PhotoRec kan tono su, ita ma kyauta ce. Ka ɗauki wasu bayan nan? Goma kawai? To da sauƙi, in Allah Ya yarda. Yaron kuma a yi masa haƙuri. Ga shi an kira la'asar, in mun idar ka same ni da shi wajen kwamfutar can.