Daga DLA zuwa PIP: wasiƙar da dattawa a Birtaniya ke ɗauka sanarwa ce kawai

[Hoto: hannun dattijuwa na ɗaga ambulan mai ruwan ƙasa daga bakin ƙofa]

Jama'a, assalamu alaikum. Kwanan nan saƙonnin murya na ta yawo a zaurukan WhatsApp na 'yan'uwanmu mazauna Birtaniya. Wasu na cewa za a ƙwace wa duk tsofaffi kuɗin naƙasa, wasu kuma na cewa a kwantar da hankali, suna kawai aka canza wa kuɗin. Duka biyun ba daidai ba ne, amma maganar ta biyun ta fi ba ni tsoro, domin ita ce ke sa mutum ya ajiye wasiƙar da gwamnati ta aiko masa a kan firji ya manta.

[Allo: DLA a hagu, PIP a dama]

DLA, wato Disability Living Allowance, shi ne tsohon tallafin kuɗi ga masu naƙasa. A watan Afrilun 2013 gwamnati ta fito da PIP, wato Personal Independence Payment, domin ya maye gurbinsa ga manya, kuma ma'aikatar ayyuka da fansho, DWP, ita ke riƙe da shi. Ku riƙe wannan rana: 8 ga Afrilu, 1948. A Ingila da Wales, wanda aka haifa a ranar ko kafin ta, yana nan a kan DLA ɗinsa, ba ruwansa da wannan sauyi. Wanda aka haifa bayan ta kuwa, ko da ya haura shekara 70, ko da takardarsa ta ce an ba shi DLA ba tare da wa'adi ba, wasiƙar na iya zuwa masa. Scotland kuma tsarinta daban: can ana mayar da mutane sabon tallafi ba tare da sun sake nema ba.

To, a nan ake tuntuɓe.

[Hoto: wasiƙar a buɗe, yatsa na bin layi]

DLA ba ya komawa PIP da kansa. Abin da wasiƙar nan ke cewa shi ne, DLA ɗinka zai ƙare, in kana son PIP sai ka nema sabo fil. Mako huɗu aka ba ka ka buga waya ka fara. In ka yi shiru za a dakatar da kuɗin, in shirun ya ɗore a rufe shi gaba ɗaya. In kuwa ka nema a kan lokaci, DLA na ci gaba da shigowa har a yanke hukunci, da ƙarin kusan mako huɗu bayan nan.

Me ya sa abin ya fi zafi ga dattijo? Wanda ya wuce shekarun fansho, a ƙa'ida ba ya iya buɗe sabon neman PIP. Wasiƙar nan ce ƙofarsa. In ta kuɓuce masa, abin da ya rage galibi shi ne Attendance Allowance, tallafin kulawa na waɗanda suka kai shekarun fansho, kuma shi ba shi da ɓangaren kuɗin zirga-zirga ko kaɗan. Ga mai motar Motability, wato motar da ake ɗauka haya da kuɗin zirga-zirgar, wannan na nufin rasa motar da ke kai shi asibiti da masallacin Juma'a.

Tunda nema sabo ne, tantancewa ma sabuwa ce. Shekarun da Baba ya yi yana karɓar DLA ba za su yi magana a madadinsa ba. Ana iya roƙon DWP tun a wayar farko ta duba tsofaffin takardun likitan da ke fayil ɗinsa, kuma ina ba da shawara a roƙa. Daga nan fam ɗin cikewa zai zo, a ba da wata ɗaya a mayar da shi. In lokacin bai isa ba, a kira a nemi ƙari kafin ya cika.

[Hoto: shafukan fam, dattijo na ƙoƙarin ɓalle maɓallin riga]

Fam ɗin bai damu da sunan ciwo ba. Ayyuka 10 na yau da kullum yake aunawa, irin su girki, wanka, sa tufafi da shan magani, sai biyu na zirga-zirga. Ana ba da maki gwargwadon wahalar da mutum ke sha a kowane aiki, kuma a kowane ɓangare maki 8 ƙaramin kaso, maki 12 babba. DLA na da hawa uku na kuɗin kulawa, PIP biyu gare shi, na ƙasan ya tafi. A tafiya kuma, da ana duba kusan mita 50, yanzu babban kaso ta fuskar ƙafa sai wanda ba ya iya wuce mita 20, wato kamar tsawon bas biyu masu bene. Ni dai a ganina wannan awo ya yi tsauri ga mutumin da gwiwoyinsa suka riga suka gaji.

Amma doka ta ba da wani abu da mutane da yawa ba sa amfani da shi. Ba a cewa ka iya abu sai in kana iya yin sa ba tare da haɗari ba, ka yi shi yadda ya kamata, ka maimaita shi gwargwadon buƙata, kuma kada ya ɗauke ka fiye da ninki biyu na lokacin mai lafiya. Sannan yadda kake a mafi yawan kwanaki ake dubawa.

Mun san halin iyayenmu. Ka tambayi Hajiya jiki, ko da daren jiya ba ta runtsa ba, "Alhamdulillahi, da sauƙi" za ta ce. Godiya ga Allah na nan daram, amma mai tantancewa abin da ya ji shi zai rubuta. In ya ce, kina iya wanka? Kada a tsaya a "ina yi". A faɗa masa cewa sai 'yarta ta riƙe ta kafin ta shiga baho, a kujera take zama, ba ta kai hannu bayanta, kuma in ta gama sai ta kwanta kafin ta iya sallar walha. Akwai kunya a faɗin irin wannan, musamman maganar bayan gida, na sani. Shi ya sa aka yarda mutum ya je da ɗan rakiya, kuma ana iya neman tafinta tun kafin ranar tantancewar.

[Allo: wata ɗaya]

In hukunci ya zo ba yadda ake zato ba, akwai wata ɗaya a nemi DWP ta sake dubawa, in ta tsaya a kan bakanta sai kotun ɗaukaka ƙara mai zaman kanta. Ƙungiyoyin agaji irin su Citizens Advice da Age UK na taimakawa da cika fam kyauta. Ku 'ya'ya da jikoki, yau ɗin nan ku tambayi Mama da Baba ko wata wasiƙa ta zo daga DWP, ku duba kwanan watan da ke samanta.