Yadda Ake Samo Sabon Bel Na Tsohon Majigi

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau a kan teburina akwai majigi na fim ɗin Super 8, irin wanda Kodak ta fito da shi a 1965. Mai shi ya ce fitila tana kamawa, moto yana kuka, amma faifan fim ko motsi. Duk wanda ya daɗe da waɗannan na'urori ya san inda zancen ya dosa: bel ne ya mutu.

Na riga na zare filogi, na kwance murfin baya, ba sai na nuna muku wannan ba. To ku dubi nan. Kun ga wannan baƙin abu da ya manne a jikin fuli, wato ɗan gargaren da bel ke zagayawa a kansa, kamar kwalta? Shi ne bel ɗin. Roba ce da ta haura shekara arba'in, ko ta bushe ta karye, ko ta narke haka. Ku sa safar hannu, don in ta taɓa yatsa sai ta bi ku har kan gilashin majigin. Sifirit da auduga nake amfani da su, ina bin kwarmin fulin a hankali har sai audugar ta fito fara. In kuka bar ko ɗan kaɗan, sabon bel zai riƙa santsi ko ya riƙa mannewa.

Kafin ku sayi komai, ku tabbatar na'urarku da bel take aiki. Wasu daga cikin majigin Eumig na ƙasar Ostiriya, faifai ne mai roba a fuska moto ke gogawa, babu bel a wurin sam. Wasu kuma, a hannun da ke naɗe fim, bel ɗinsu na waya ne da aka murɗe kamar sifirin, bakinsa ɗaya yana shiga ɗaya.

Hanya mafi sauƙi ita ce ku karanta suna da lambar samfuri a farantin da ke jikin na'urar, ku nema da su a intanet. Elmo, Sankyo, Chinon, Bauer, Bell & Howell, akwai masu yanka musu sababbin bel har yau. Amma ku tambayi mai sayarwa: sabon yi ne ko tsohon ajiya? Na taɓa yin odar wani da aka ce na asali ne, yana cikin ledarsa ba a taɓa buɗewa ba. Na yi ta murna. Ina miƙa shi kan fuli ya tsattsage a hannuna. Roba tana tsufa ko a cikin leda take, shi ya sa ni yanzu sabon yi nake so.

In ba a samu da suna ba, sai awo. Nan ne zan ɗan ja ku, don nan ne ya daɗe yana ba ni wahala. Kada ku auna tsohon bel. Ya riga ya saki, tsawonsa ƙarya zai faɗa muku. Hanyar da yake bi za ku auna. Ku samu zare wanda ba ya miƙewa, ku zagaya da shi ta cikin kwarmin fulin moto, ku kai shi babban fuli, ku dawo... a'a, tsaya, na bi ta bayan wannan ƙarfen, ta gabansa ya kamata. Yauwa. Ku ja shi ya zauna daram, ba da ƙarfi ba, sai ku sa alama da biro a inda zaren ya haɗu. Ku yi sau biyu, ko uku ma. Nawa ya ba ni milimita 250.

To bel na roba dole ya fi hanyarsa gajarta, don ya kama. Ni ina rage kamar kashi 7 cikin ɗari, wasu suna rage 5, wasu har 10. Kashi 7 daga 250, saura wajen 232. Masu sayarwa da yawa kuma ba sa rubuta tsawon zagaye, faɗin cikin da'irar suke rubutawa. Sai ku raba da 3.14, ya ba ku wajen milimita 74. Ku lura da kyau wanne aka rubuta, don akwai masu ninke bel biyu su auna rabinsa.

Sai siffa. Ku haska tocila cikin kwarmin. In ƙasansa a zagaye yake, bel mulmulalle yake so. In ya tsuke kamar bakin almakashi, galibi mai kusurwa huɗu ne, yana zama a kan gefensa. In fulin shimfiɗaɗɗe ne mai ɗan tudu a tsakiya, bel mai faɗi ke nan. Mai haƙora kuwa babu dabara, sai kun ƙirga haƙoran kun samo irinsa sak. Kauri ma ku auna shi daga guntun tsohon, in ya rage.

Mutane suna tambayata zoben robar nan da ake toshe yoyon mai da shi a inji. Yana yi, na sha sa shi don gwaji, amma ba don juyi aka yi shi ba, yakan tsage da wuri. Robar ɗaure kuɗi kuwa kada ma ku fara. Abin da na fi so shi ne wannan igiyar ta foliyuritan, wani nau'in filastik mai miƙewa, da ake sayarwa da mita. Ina da ita kauri daban-daban, mai so ya yi mini magana in yanka masa daidai awonsa. Amfaninta, kana iya zura ta bayan sandar ƙarfe ka haɗa a ciki, ba sai ka wargaza rabin na'ura ba.

Ga yadda nake haɗawa. Yanka da reza, a miƙe. Ku gasa bakin wuƙa, ku manna bakunan igiyar biyu a gefe da gefenta har su fara narkewa, ku zare wuƙar, ku haɗa nan take. Kada ku kai su cikin harshen wuta kai tsaye, in suka ƙone ba sa kamawa. Ku riƙe minti ɗaya ko biyu ba tare da hannu ya karkace ba, ku bar shi ya huce sosai, sannan ku aske tudun da ya fito.

Wannan igiyar ta fi roba tauri, saboda haka kada ku matse ta da yawa. Bel mai tsauri yana cin bushin moto, wato zoben da sandar moto ke juyawa a ciki, yana kuma rage gudu. Af, na kusa mantawa: wasu fulin moto kwarmi biyu gare su, ɗaya na wutar lantarki mai kaɗawa sau 50 a daƙiƙa (50Hz), ɗaya na mai 60. In kuka sa a wanda ba na wutarku ba, hoto 24 a daƙiƙa ba zai cika daidai ba, za ku ji muryoyi sun yi nauyi ko sun siranta.

Bari in juya da hannu tukuna. Yana tafiya sumul, ba ya hawa gefe. To, filogi. Kun ji? Faifan ya ɗauka. Zan bar shi ya yi minti goma babu fim a ciki, in taɓa moton in ji ko ya yi zafi, sannan mu zura fim ɗin gwaji.