Joggins: inda ake tsintar ƙashi a cikin kututturen itace

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, a bakin teku nake. Sunan wannan wuri Joggins, a lardin Nova Scotia na ƙasar Kanada. Dogon bangon dutsen nan da kuke gani a bayana ya miƙe kusan kilomita 15, kuma tun 2008 UNESCO ta saka shi cikin wuraren tarihi na duniya.

Da an ambaci ƙasusuwan dabbobin da, sai hankalin kowa ya tafi kan dainoso. To a nan dainoso ɗan jiya ne. Su sun bayyana kimanin shekara miliyan 230 da suka wuce, duwatsun da nake takawa kuwa sun haura miliyan 310. A lokacin wurin nan yana kusa da ikwaita, layin da ya raba duniya arewa da kudu, ga zafi ga fadama, kurmi ne iya ganinka. Wancan baƙin layin da ya ratsa dutsen kwal ne, ragowar kurmin ke nan.

Bari in matso da kyamara. Kun ga wannan abu a tsaye cikin bangon kamar ginshiƙi? Kututturen bishiya ne, tana nan a inda ta tsiro. Sigillaria ake kiranta, tana kai mita 30 a tsayi. Ku dubi zanen jikinta, ƙananan tabo a jere reras, kowane tabo gurbin ganye ne da ya faɗi. Ɓawonta na da tauri amma cikinta taushi ne. Idan ambaliya ta zo ta binne gindinta da laka, sai bishiyar ta mutu, saman ya karye, cikin ya ruɓe, a bar rami mai zurfi bakinsa daidai da ƙasa.

Cikin irin waɗannan ramuka aka samu abin da ya kawo ni. A 1852 masana duwatsu biyu, Charles Lyell da William Dawson, suka fasa wani kututture suka tarar da ƙananan ƙasusuwa. Dawson bai haƙura ba, ya ci gaba da dawowa, har ya gano wata dabba da ya raɗa wa suna Hylonomus lyelli don girmama abokin nasa. Tsawonta har jela bai fi santimita 20 zuwa 25 ba. Da za ta gifta ta gabanka yau sai ka ce ƙadangare ne, alhali ƙadangaru ba su zo ba sai can baya. Tana cikin dabbobi masu jan ciki mafi daɗewa da aka taɓa samun ƙasusuwansu.

Abin da ya ɗaga darajarta shi ne zuriyar da ta fito ciki. Dabbobi masu ƙafa huɗu da suka gabace ta dole su koma ruwa su zuba ƙwai, yadda kwaɗi ke yi har gobe. Danginta kuwa sun samu ƙwai mai rufi wanda ke riƙe ruwansa a ciki, shi ya ba su damar yin nisa da gaɓa.

Me ya kai ta cikin ramin? An daɗe ana cewa faɗawa ta yi ta kasa fita. Wasu masana kuma suna ganin gidanta ne, ko kuma mafaka ta nema lokacin gobarar daji, don an samu gawayi a wasu kututturan. Ni dai bayanin gobarar ya fi kwanta mini, amma ba a ni aka bar hukunci ba.

Yanzu batun tsinta. A nan ba mutum ke haƙa ba, teku ne. Mashigin tekun Fundy, wanda Joggins ke bakinsa, ya fi ko'ina a duniya tashin ruwa da janyewarsa, sau biyu a yini ruwan na dukan bangon nan yana zubo da sabbin duwatsu. Shi ya sa ba a sauka sai an duba jadawalin ruwa, kuma ba a tsayawa dab da gindin bangon, dutse ba ya sallama kafin ya faɗo.

Kada wani ya ɗauka ƙashin Hylonomus a warwatse yake. Samunsa sai an dace ƙwarai. Abin da za ka fi gani ɓawon bishiya ne, da saiwoyi, da zanen ganye. Wani lokaci har da sawun Arthropleura, wata ƙadandoniya da ke kai mita biyu. Mita biyu fa!

Ga wanda na tsinta yanzu, faɗin tafin hannuna, zanen ɓawon ya fito raɗau. Aljihuna dai ba zai gan shi ba. Dokar Nova Scotia ta hana ɗaukar irin waɗannan duwatsu sai da takardar izinin bincike. Wanda ya ga abin da ya yi masa kama da ƙashi, hoto zai ɗauka, ya lura da inda yake, ya sanar da ma'aikatan cibiyar kula da wurin da ke can sama, domin sanin shimfiɗar dutsen da abu ya fito shi ke nuna shekarunsa. Ga jagoranmu can yana ɗaga hannu, bari in kai masa wannan mu ji ko Sigillaria ce ko 'yar uwarta Lepidodendron.