Fodkas: Abin da majinyaci ke ɓoye wa likita

Bilkisu: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau ina tare da Yaya Sadiq da Dakta Kabiru, za mu tattauna kan majinyatan da ke ɓoye wa likita cewa suna shaye-shaye. Likita, sannu da aiki.

Dakta Kabiru: Yawwa, sannunku dai.

Sadiq: Likita, ga abin da ke ɗaure mini kai. An kwantar da saurayi saboda karaya, kwana biyu sai ka ga yana zufa, yana karkarwa, yana fizge robar ƙarin ruwa. Dangi su ce iska ce, a kira mai ruƙiyya.

Dakta Kabiru: Sau da yawa jiki ne ke neman abin da ya saba. Mai shan giya kullum, awa 6 zuwa 24 bayan kurɓar ƙarshe hannunsa ke fara rawa. A kwana na biyu zuwa na uku muke tsoron ruɗewa da gane-gane, kuma wannan yana iya kisa. Mai tramol ko kodin kuwa, hamma, majina, gudawa, ciwon gaɓoɓi, ga rashin barci.

Bilkisu: To ba kwa tambaya ne tun ranar kwantarwa?

Dakta Kabiru: Muna tambaya, amma a ina? Ɗakin marasa lafiya cike, uwa a bakin gado, kawu a tsaye. Ka ce masa "kana shan wani abu?" Me zai ce?

Sadiq: "A'uzubillahi, ni likita?"

Dakta Kabiru: To ka gani. Shi ya sa nakan nemi masu jinya su ba mu wuri, in ja labule, in sassauta murya. Abin fa ba kaɗan ba ne. Rahoton 2018 na binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna mutum miliyan 14.3 a Najeriya sun yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda. Su ma ai suna yin hatsari, suna zuwa haihuwa.

Bilkisu: A shekarar ce aka hana shigo da maganin tari mai kodin, ko?

Dakta Kabiru: Ita ce, amma bai ɓace ba. Na taɓa ganin an juye shi a gorar lemo, an cusa cikin kwandon abinci. Abokai ne wai sun zo dubiya.

Sadiq: Su a ganinsu taimako ne.

Dakta Kabiru: Mu kuma mun riga mun yi masa allurar kashe zafi mai ƙarfi. Idan suka haɗu, numfashi na iya yin ƙasa yana barci. Tramol ɗin bayan fage kuma, mai miligiram 225, ya ninka wanda aka amince da shi, mai miligiram 50 da 100, yana jawo farfaɗiya.

Bilkisu: Ni masu sikila nake tausayi. Da sun nemi allura sai a fara yi musu kallon 'yan ƙwaya.

Dakta Kabiru: Wannan laifinmu ne mu ma'aikata. Akwai waɗanda allurar kashe zafi ta penta ta kama, gaskiya ne, har cinya ta yi gyambo. Amma ciwon sikila ba wasa ba ne, hana mutum magani saboda zato zalunci ne.

Sadiq: Idan mutum ya faɗa muku gaskiya, ba za ku haɗa shi da NDLEA ba?

Dakta Kabiru: A'a, sirrin majinyaci amana ce. Mu gyara ma'aunin magani, mu sa masa ido, in an sallame shi kuma ya yarda, mu tura shi asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano ko na Barnawa a Kaduna.

Bilkisu: Lokaci ya cinye mu. Likita, mun gode, Allah ya ba da lada.